Ɗorawar Inna

A bayan ƙauyenmu, kafin a kama hanyar Maska, akwai wani falalen dutse da mata ke shanya barkono a kai. In ka tsaya a samansa, ga fadama kore shar ko da rani, ga rafi, ga gonaki har iya ganinka. A tsakiyar gonar Baba akwai ɗorawa guda. Gona ta Baba ce, amma ɗorawar ta Inna ce, surukarta ta ba ta. A wurinmu gona daban, itace daban, kowa ya san mai shi. Da kalwarta Inna ta yi daddawa shekara da shekaru.

Baba ya rasu, gona ta faɗo hannuna, idon Inna kuma ya tafi. Ni da iyayina na ɗan boko, na ce inuwar tana cinye mini masara. Na kira masu inji suka kayar da ita, na ja kunnen kowa a gida kada ta ji.

Da bazara ta kama, ta ce in kai ta dutse ta sha iska. Na ja mata sanda, muka hau a hankali.

"Kai wannan," in ji ta, don ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunana ba. "Gaya mini abin da kake gani."

Na lissafa mata: shanu a bakin rafi, balbelu a bayansu, masu tumatir suna ban ruwa.

"Ɗorawata fa?"

"Tana nan, Inna. Ta yi fure ja wur." Allah ya yafe mini, ko rawa muryata ba ta yi ba.

Ta karkatar da kai, ta daɗe tana saurare.

"In ta yi fure, daga nan ake jin ƙudan zuma. Kai ni in taɓa ta."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Muka gangara cikin gona. Ta durƙusa ta shafa kututturen, ta zagaye shi da tafin hannu. Na so ta zage ni, da na samu sauƙi.

"Da ka tambaye ni, ai da na ba ka."

Ta ƙara shekara uku a duniya. Na sha kai ta dutsen nan, amma ba ta sake tambayata abin da nake gani ba.