Ranar da Tsaftar Kawu Ta Ja Masa

A duk danginmu babu mai tsaftar gona irin Kawu, yayan mahaifiyata. Shi ya sa ake ce masa Tsaf-tsaf, kuma da murna yake amsawa. Kunyoyinsa a miƙe suke kamar da igiya aka ja su. Ciyawa ɗaya ta leƙo, sai ya ture kwanon abinci ya je ya tuge ta. Rigarsa kuwa kada ma ka tambaya, laka har wuya. Tsaftar duk a gona take ƙarewa.

Matarsa, da muke kira Inna, tana da 'yar gonar barkono a gefen tasa, ita kuma nomanta na ganin dama ne. Tun da na yi wayo yake mata tsiya: "Wannan gona ce ko makwancin zomaye?" Takan ce, "Zomayen dai ba su kawo ƙara ba, Malam."

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya kwantar da masarar Kawu tana gab da nuna, ya kuma shiga rumbu ya ruɓar da irin da ya ajiye. Na same shi tsaye da ruɓaɓɓen iri cike da hannu. Ya ba ni tausayi ƙwarai. In babu iri babu noman baɗi, Kawu kuwa bai iya wata sana'a ba.

Ana nan sai aka sanar a rediyo cewa gwamnati za ta tallafa wa manoman da suka yi asara, jami'ai za su zagayo su ga ɓarnar da idonsu, su ɗauki hoto. Kowa ya yi murna, ban da Kawu. Shi abu ɗaya ne ya shiga kunnensa, wai baƙi za su zo gonarsa.

Ya ce, "Manyan mutane su same ta haka? Kara a kwance, wari ko'ina? Ai sai su ce ta malalaci ce."

Inna ta ce, "Malam, ɓarna za su zo gani, ba kwalliya ba."

Ya ce ya ji. Gari na wayewa ya saɓi fartanya. Ya kwashe ruɓaɓɓen kara ya ƙone, ya ta da kunyoyi, har shinge sai da ya gyara. Mun yi magana har muka gaji.

Ranar da suka zo, wata jami'a ce a gaba, riƙe da waya. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta ce, "Baba, ina gonar da ruwa ya ci?"

"Ga ki tsaye a kanta, 'yata."

Ta ba shi haƙuri, ta ce tallafi ba ya fita sai da hoton ɓarna, nan kuwa babu abin ɗauka. Amma ta ƙara da cewa duk zagayensu ba su ga gona mai kyan wannan ba. Wallahi sai Kawu ya washe baki, har ya roƙa a ɗauke shi hoto a tsakiyarta.

Suna juyawa wari ya tare su daga gonar Inna. Ga ruɓaɓɓen barkono, ga laka, ga wani takalmi da ruwa ya kawo, duk yadda kogi ya bar su. Suka yi ta ɗauka.

Da sunan Inna tallafin ya fito. Ta je kasuwa ta sayo buhun irin masara, ta sa aka dire shi a ƙofar ɗakin Kawu. Ya daɗe yana shafa buhun. Da idonsa ya kawo ruwa, sai ya ce barkonon Inna ne ya shige shi.

Tun daga ranar bai sake zancen zomaye ba. Ita kuwa Inna, da zarar kogi ya fara cika, sai ta ɗauke fartanyarsa ta tura ƙarƙashin gadonta.