Giɓi a Sarƙar Kaka

Ranar wata Alhamis ce a daminar 1981, bayan la'asar, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, na durƙusa a ɗakin Kaka a gidanmu na unguwar Gwange a Maiduguri da sulen azurfa a tafin hannuna, ina kallon shatin babban yatsana kwance a fuskarsa. Ruwa ya ɗauke ke nan, indararo na ɗiga a bokiti, ƙannena suna tsakar gida suna gina ɗakuna da jiƙaƙƙen yashi. Na hura masa iska, na goga da bakin zane, shatin bai motsa ba. Ɗazu na taya mahaifiyata Ammi kitso, man shanu bai gama fita daga hannuna ba, ga shi ya zauna daram a kan abin da ba namu ba.

Sulen na Dokta Dauda ne, wani Bayahude likitan dabbobi da ke zuwa kasuwar shanu duba kofato da bakin dabba. A can suka saba da Baba, wanda dillali ne. Mu Shuwa ne, kakanninmu makiyaya, amma Baba a birni ya tashi, kuma yakan ce, "Ba ni da saniya ko ɗaya a kasuwar nan, maganata kawai ake saye." Da Dokta zai tafi hutun wata uku ƙasarsu, sai ya kawo wa Baba ajiyar wani ƙaramin akwatin katako. Ni na kai musu shayi zaure a ranar. Da yake ni mai kunya ce ƙwarai, ba a ma lura ina wuri, sai na laɓe a bakin ƙofa na ga an buɗe shi. Sulalla ne a jere a kan shuɗin ƙyalle mai laushi, kowanne a rufe cikin 'yar roba garai-garai kamar gilashi, suna ƙyalli tamkar madubi. Dokta ya ce shekara da shekaru yana tara su ɗaya bayan ɗaya, kowanne an buga shi ne don tuna wani abu da ya sami mutanensu. Akwai mai fitila mai reshe bakwai, akwai mai ganuwar Ƙudus, akwai mai jirgin ruwa. A kan mai jirgin ya daɗe, ya ce irinsa ne ya ɗauko mahaifiyarsa lokacin da ba ta da sauran kowa. "Wannan ba a kashewa, ba a taɓawa," in ji shi da 'yar Hausarsa, "ido kawai." Baba ya dafa ƙirji ya ce yadda ya ba shi haka zai same shi.

A adakar Kaka aka ajiye akwatin, don nan ne ba mai kai hannu. Sai dai ni. Kowace Alhamis aikina ne in fito da azurfarta in wanke saboda Juma'a: mundaye, zobba, da doguwar sarƙarta ta gursu, wato tsofaffin manyan sulallan nan da matanmu ke hudawa su jera a zare. Toka nake kwaɓawa da lemun tsami, in yi ta dirza har su yi fari tas, Kaka tana kishingiɗe tana cewa, "Ƙara ƙarfi, Zara, azurfa ba ta jin zafi." Mako tara ina ɗaga akwatin Dokta in ajiye gefe ban buɗe ba. A na goma Kaka ta tafi barkar suna unguwar Lamisula. Jirgin kawai nake so in gani kusa, in ƙirga tagoginsa. Robar ta buɗe da sauƙin da ban zata ba.

Da goge-gogen zane ya ƙi, sai na yi abin da na iya. Na lakato tokar da ke gabana na dirza, da ƙarfi, kamar yadda aka koya mini. Na ɗauraye na ɗaga shi wajen taga. Shatin yatsan ya tafi, madubin ma ya tafi. Sararin da ke bayan jirgin, inda ɗazu na ga idona a ciki, ya koma dushi-dushi, duk zane-zane kamar gindin tsohuwar tukunya. Na mayar da shi cikin 'yan'uwansa, ya fita daban kamar makahon ido. A ranar, wajen cin tuwo, Baba ya ce wasiƙa ta zo, Dokta zai dawo Asabar ta sama.

Ban san yadda zan kwatanta kwanakin nan tara ba. A makaranta ƙawayena suna carafke a gindin dogon yaro, ni ina jingine da bango ina murza yatsa a cinya kamar shi ne zai goge. Malama ta kira sunana sau uku ban ji ba. Na daina cin gyaɗar da nake saye a bakin ƙofa. Duk tallar da ta wuce, duk ƙarar mota a layinmu, sai gabana ya faɗi. Na yi addu'a jirgin da zai dawo da Dokta ya makara, na tuba, na sake yi. Na gwada auduga, na gwada man gyaɗa, na gwada alli, kowanne sai ya ƙara ɓata shi. Ranar Talata da aka tashi na ƙulle shi a bakin kallabi na taka har unguwar Mafoni cikin caɓi, wurin Malam Modu maƙerin farfaru, mai gyara wa Kaka mundaye. Na fi rabin sa'a tsaye kusa da zugazugansa kafin bakina ya buɗu. Ya juya sulen a rana, ya yi tsaki a hankali. "Wa ya aike ki da wannan, 'yata? Ƙyallin nan tun wurin bugu aka yi shi, ba hannu ya yi ba. In na sa masa dutse, jirgin ma tafiya zai yi." Na roƙe shi ina kuka, na ce ko 'yan kunnena ya karɓa. Ya maido mini ya ce in je gida in faɗi gaskiya. Na koma gida, ban faɗa ba.

Asabar da hantsi motar Dokta ta tsaya. Aka shimfiɗa darduma a zaure, Baba ya ɗauko akwatin da kansa, ni kuma aka ɗora mini faranti. Na ajiye musu shayin na koma bakin ƙofa. Baba ya ce masa ya buɗe ya duba. Dokta ya yi dariya ya tura akwatin bayansa, ya ce mutum ba ya duba ajiyar Alhaji. Na ji numfashina ya dawo. Zai tafi da shi, sai can wata rana zai gani, ba zai san wa ya yi ba. Sai na ga Baba ya ɗaga ɗan yatsa sama. Na san wannan yatsan. Shi yake ɗagawa in zai rantse, kuma a kan rantsuwarsa mutane ke sakin garke guda su tafi.

"Tun ranar da ka ba ni, wallahi…"

"Baba, kada ka rantse."

Ban taɓa magana a zaure ba sai ranar. Muryar ma ban gane tawa ce ba. Kaina a ƙasa na faɗi komai, da man shanun, da tokar, da Mafoni. Dokta ya buɗe akwatin, ya ɗauko mai jirgin, ya cire tabarau ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, bai kuma ce ba komai ba, domin akwai komai. Baba kuwa ko kallona bai yi ba, yatsansa na nan a sama kamar ya manta da shi.

Sai ga Kaka, ashe tana bayan ƙofa. Ta shigo da sarƙarta a hannu da reza, ta zauna, ta yanke zaren, ta zare gursun tsakiya, wanda ya fi kowanne suɗewa har hoton jikinsa ya kusa shafewa, ta ajiye a gaban baƙon. Dokta ya ƙi, ya sake ƙi. Ta yi masa magana da Larabcinmu, Baba ya fassara: "Ta ce naka na tuna jirgin da ya ɗauko uwarka. Wannan a wuyan uwarta yake ranar da takarkari ya ɗauko su daga bakin tafki. Ta ce ba biya ba ne, ta san ba ya biyuwa. Amma jikarta ce, kuma ita ta koya mata toka." Ya karɓa da hannu biyu. Na ga ya ɗaga gefen shuɗin ƙyallen ya sa shi kusa da mai jirgin.

Baba ya yi mako biyu ba ya aikena. Ran nan da safe zai fita kasuwa, ya miƙo mini makullin ɗakinsa ya ce in riƙe. Kaka kuwa ta ƙulle zaren a inda ta yanke, ta ci gaba da sa sarƙar haka, kowane biki, da giɓi a tsakiyar ƙirji. In mata sun tambaya sai ta ce, "Ya yi tafiya."

Dokta ya bar Maiduguri bayan 'yan shekaru, ba mu sake jin labarinsa ba. Kaka da Baba duk sun rasu, zauren ma an mai da shi shago. 'Yan matan yanzu ba sa sa gursu, sun ce nauyi. Sarƙar tana wurina, kuma 'yata ta sha cewa mu nemi wani a kasuwa mu cike wurin, ina ce mata a bari. Har yanzu nakan fito da ita ranar Alhamis, in kwaɓa toka da lemun tsami, in bi su ɗaya bayan ɗaya. In na iso ƙullin Kaka sai in tsaya, in yi tunanin wani akwati a wata ƙasa da ban sani ba, inda sulalla biyu marasa ƙyalli ke kwance gefe da gefe. Duk sarƙar, nan ne ya fi mini nauyi.