Kajin Kakata da Kuzar Riruwai

Maƙwabciyata tana da wata kaza wake-wake mai 'yan tsaki. Kullum da hantsi sai ta biyo ta kafar magudana ta shigo mini tsakar gida, tana tono tana kiran 'ya'yanta da wannan ƙaramar murya ta cikin maƙogwaro. Ba na korar ta. In na ji kiran nan sai in ga kaina ina 'yar shekara takwas, a wani ƙauye kusa da Ƙofa, riƙe da karan dawa ina gadin kajin kakata.

Mu biyu ne a gidan a lokacin, ni da kakata. Mahaifiyata ta rasu ina goye, kakana ya riga ta, mahaifina kuwa shi kaɗai ne ɗan da ya rayu wa kakata, kuma shi ne ɗanta na fari. Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane nauyin wannan ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu. In zancensa ya kama sai ta ce "mutumin nan". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa.

Kunnenta kuma ya yi nauyi. Liman ya taɓa tsayawa a bakin zaure ya ce mata, "Inna, ina gajiya?" Ta ce, "Gujiya ta ƙare, Malam, sai dai wake." Ya koma masallaci yana dariya, ita kuwa ta aike ni da ƙwaryar wake gidansa, tana mitar malaman zamani da roƙo.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ta ƙi, dawa ta yi rabin rumbu, mahaifina ya bi samarin garinmu zuwa Riruwai, can ƙasar Doguwa, inda Turawa ke haƙar kuza. Bai iya gaya mata da bakinsa ba. Ƙanin kakana ya tura, wani dattijo mai ƙaramar murya. Ya zauna a bakin ɗakinta ya ce, "Yaron nan zai tafi neman kuza."

Kakata ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta ce, "Kaza? Kaza ce zai ƙetare daji ya je nema?"

"Kuza na ce."

"Na ji ai. Ka ce masa in kaza ce, a nan ma ana samu."

Aka yi bayani har dattijon ya shaƙe. Washegari da safe mahaifina ya ɗaura tabarmarsa, ya shafa kaina, ya fita. Kakata tana bayan ɗaki tana shara inda babu datti.

Ranar kasuwa ta kai zaren da ta kaɗa, ta dawo da kaji biyu a ƙarƙashin mayafi. Daga nan aikina ya samu. Ni ce kifa tukunya da kashin shanu a kan shuri don a samu garar 'yan tsaki. Ni ce jiƙa dusa, ni ce rufe akurki, ni ce tsayawa a rana ina ɗaga kara ina ihu in shirwa ta fara shawagi. 'Yan matan unguwa suna dandali suna gaɗa, ina jiyo tafinsu ta kan danga, ni ina ƙirga 'yan tsaki. Ba a sayar da ko ɗaya, ba a yankawa, ko ƙwai ba ma ci. Duk wanda aka saka sai a ba wata ta kwanta a kai. Kafin damina biyu gidanmu ba wurin taka ƙafa. Kajin suna kwana a madafa, suna saka a cikin turmi, wata har a cikin tulun da muka daina amfani da shi ta ƙyanƙyashe. In maƙwabta suka baza shanya, sai ka ji ana kiran sunana daga gida uku.

Liman da kansa ya zo ya warware mata. Ya ɗaga murya ya ce, "Inna, kuza wani baƙin yashi ne mai nauyi, wanke shi ake yi a ruwa."

Ta ce, "Baƙa? Muna da baƙaƙe huɗu. Amma wa ya ce ana wanke kaza?"

Liman ya karkaɗe rigarsa ya ce Allah ya ba da lada.

Akwai wani falke mai jakuna uku da ke kai gishiri da kanwa kudu, ta Tudun Wada har Riruwai, ya dawo da citta da doya. Duk wata biyu yakan yada zango a garinmu. Shi ne wasiƙarmu. Kakata takan tare shi a zaure ta ce, "Ka gaya wa mutumin nan sun kai goma sha biyu." Wani zuwan, "Ka ce masa sun wuce ashirin, abin da yake nema yana gida." Falken yana cin goro yana gyaɗa kai, in ya fita ya ba mutanen bakin kasuwa labari. Ni ma har tsokanata ake yi a rijiya, ana ce mini jikar mai kaza.

Ban san yadda saƙon yake isa ba bayan kwana shida a bayan jaki. Abin da na sani, wata rana falken ya sauke wani kwando, ya ce ga saƙon ɗanki. Aka buɗe, sai ga jan zakara, ya rame, tafiya ta cinye masa gashin wuya. Ashe mahaifina ya fahimci kaza tsohuwa take sha'awa. Kakata ta daɗe tana kallon zakaran, shi ma yana kallonta da ido ɗaya. Ta ce, "Shekara biyu. Guda ɗaya ya samu." Falken ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Amma na lura zakaran nan shi kaɗai take ba tsaba a tafin hannunta.

A bazara ta uku ciwon kaji ya shigo gari. Sai ka ga kaza ta tsaya tana gyangyaɗi, fukafukai a ƙasa, wuya a karkace. Muka jiƙa gautan kaji da barkono muka ɗura musu, bai yi ba. Kowace safiya ina kwasar uku, huɗu, in kai bayan gari in binne don kada karnuka su ja. Cikin kwana goma gidan ya yi tsit. Jan zakaran ne na ƙarshe. Ban taɓa sanin tsakar gidanmu tana da faɗi haka ba, ko allura ta faɗi sai ka ji.

Ana haka falken ya iso. Ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwa, ya jira. Ya ɗaga murya ya ce, "Inna, saƙo fa?" Ta ce, "Babu." Ya sake tambaya, ta ce ya sauka lafiya.

Da ya tafi na same ta zaune a gaban akurki, hannuwanta a kan gwiwa. Na ce, a hankali, ba don ta ji ba, "Kaka, ai za mu sayi wasu." Sai ta amsa mini, ita da ba ta jin liman.

Ta ce, "Yanzu kuma da me zan kira shi?"

Yarinya ce ni, amma na gane. Na zauna kusa da ita har inuwa ta bar mu.

Kwana goma sha uku bayan haka, ana la'asar, mahaifina ya yi sallama. Ƙafafunsa sun tsattsage, ya yi baƙi, yana ɗan tari. Daga baya ya gaya mini falken ya same shi a bakin ramin wanki ya ce, "Wannan karon tsohuwa ba ta ba ni komai ba." Ya ce bai jira ko biyan mako ba, ya ajiye kwanon wankin ya kamo hanya. Shekara uku ana aika masa magana bai ji ba, sai da aka yi shiru.

Kakata ta juya wa ƙofa baya ta ce mini, "Ba baƙon ruwa." Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Da ya huta ya kwance wani ƙullin tsumma, ya tura mata ta hannuna, wai ta ga abin da ake cewa kuza. Ta murza baƙin yashin a yatsu, ta shinshina, ta ce, "Wannan ko kaji ba za su ci ba." Bai koma ba. Ya yi noma damina huɗu tana raye, shi ya sa ta a kabari.

Yau na girmi kakata ta wancan lokaci. Turawa sun daina haƙa a Riruwai tun tuni, hanyar da falke ke yi kwana shida yanzu mota wuni ɗaya ne. Matan yanzu suna kiran 'ya'yansu na fari da suna tun daga bakin titi, har su rungume su a gaban mutane, ban kuma ga laifinsu ba. Nawa ɗan farin yana Legas, shekara huɗu rabonsa da gida. Ya saya mini waya, yana kira duk Juma'a, muryarsa tar kamar yana zaure. Makon jiya ya ce, "Akwai abin da kike buƙata?" Na buɗe baki, maganar tana nan a kan harshena. Sai na ji na ce masa mangwaron bayan ɗaki ya yi 'ya'ya bana fiye da kullum, kuma ba mai sha.