Igiyar da Ta Riƙe Gwamnan Tarakta

Taraktar gidanmu ta riga ni zuwa gidan. Ta surukina ce, Allah ya jiƙansa, ya saye ta tsohuwa tun maigidana yana yaro. Wai ja ce a da, ni dai kalar ƙasa na same ta. A bayan rumbuna take kwana, nan ƙauyenmu wajen garin Babban Mutum. Da yake ni ba mai fita ba ce, da kunne na san ta. Ina daka ko ina tuƙi, in aka tashe ta na san ko ta kwana lafiya.

A shekarun da aka kawo shari'a wa'azi ya yawaita, Malam maigidana ya dawo wata rana ya tattara duk layun gidan, har na wuyan yara, ya fita da su. Inna, mahaifiyarsa, tana wurin. Kallonsa kawai ta yi.

To ana nan, ruwan shuka ya sauka, sai tarakta ta ɓullo da wani hali. Ta zabura da ƙara kamar za ta tashi sama, sai ta yi laushi kamar za ta mutu, sai ta sake zabura. Haka ta dinga yi kamar mai sheshsheka. Malam ya wanke tanki, ya canza matatar mai, ya murɗa wancan noti ya ja wancan sifirin, abin sai ƙaruwa yake. Gonakin mutane duk an huɗe, tamu tana zaune. Ran nan ya shigo hannu duk baƙin mai ya ce shi ya gaji, ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, ranar kasuwa za su zo su farfasa ta. Daga ranar Inna ta daina cinye tuwonta. A wurinta motar nan ita ce abin da ya saura na mijinta da ke da murya.

Ita ta matsa a ɗauko wani Ibo mai shagon kayan gyara a Daura, wanda ya san motar tun zamanin marigayi. Dattijo ne, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi. Aka yi masa iso, muka ja mayafi, na tsaya bakin madafi.

Ya sa aka tashe ta, ya saurara, ya ce, "Alhaji, yaushe ta fara wannan waƙa?"

Malam ya ce a gona. Bakina bai iya shiru ba, na ce, "A'a Malam, tun a gida. Safiyar da za ku fara fita na ji muryarta ta sauya."

Mai gyara ya yi dariya. "Ka ji ko? Da Madam ka fara tambaya da ban sha kuɗin mota ba."

Ya kashe ta, ya kwance wani murfi a gaban injin, ya ce mu matso mu gani. Gwamna suke ce wa abin. Ni da na ji suna na zaci wani ƙaton abu ne. Ashe wasu 'yan ƙarafa ne kamar 'ya'yan goruba, rataye jikin wani ƙarfe mai juyawa. Ya ce in injin ya yi gudu sai su buɗe, su ja wata siririyar sanda ta rage mai. In garma ta shiga ƙasa mai tauri injin ya ji nauyi, sai su tsuke, sanda ta saki, mai ya ƙaru. Direba bai ma sani ba, su sun riga sun gyara.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ƙarfe ne fa, ba ido ba kunne, yana cikin duhu da baƙin mai, amma ya san lokacin da mota ta gaji da lokacin da ta yi rawar kai. Shekara da shekaru ina jin wannan murya mai daɗi, ban san akwai masu riƙe da ita ba. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam wannan dabara." Mai gyara ya ce, "Amin, Madam."

Ƙarafan lafiyarsu ƙalau. Sai ya bi sandar da yatsa, a hankali, har ƙarƙashin tanki inda ido ba ya kai. Can ya tsaya. Ya janye hannunsa ya ce, "Alhaji, leƙa nan."

Laya ce, 'yar ƙarama cikin jar fata. An ɗaure ta da igiyar fata, an haɗa sandar da wani ƙarfe na kusa. Ruwa ya jiƙa igiyar, zafin injin ya busar da ita, ta ƙanƙame. Gwamna ya ja, sanda ta ƙi, sai ta fizge gaba ɗaya.

Inna ta taso da sandarta.

"Ni na ɗaura ta," ta ce wa Malam. "Ta ubanka ce, duk damina a jikin sitiyari take. Ka hana a rataya a fili, na nemi inda ba za ka gani ba."

Malam ya dubi mai gyara, ya dubi Inna. Gaban baƙo, kuma uwa. Sai ya durƙusa ya ce, "Inna."

Mai gyara ya ce, "Mama, ni igiya kawai na gani ta riƙe wa gwamna hannu. Amma ba zan sa mata wuƙa ba. Mai ita ta kwance."

Ta daɗe tana fama da ƙullin da faratanta, ba wanda ya taya ta. Da ya kwance ta ƙulle layar a bakin zanenta.

Saura gyaran abin da Malam ya murɗe. Aka tashe ta, mai gyara ya ɗora sifana a kan notin ya ce, "Madam, ke kika san muryarta ta da. In na iso ki tsayar da ni." Yana juyawa kaɗan-kaɗan, ina rufe da ido. Ta yi sama da yawa, na ce ya koma. Ta yi kasala, na ce ya ƙara. Can sai na ji ta zauna, dum-dum-dum, ba gaggawa. Na ce, "Nan."

Suka sauke garma a 'yar garkar bayan gida. Da ƙarfe ya ciji ƙasa na ji muryar ta yi kauri, ta nisa, ta tsaya daram inda take. Ni kaɗai na san me 'yan ƙarafan nan suka yi a wannan ƙiftawar, har na ji ƙwalla.

Ranar kasuwa masu tsohon ƙarfe suka iso da guduma da a-kori-kura. Inna da kanta ta fita zaure, ta sa aka dama musu fura. Da suka sha ta ce, "Motar tana gona, 'ya'yana. Ku gaida gida."