Bokitin ƙarfe a layin famfo

Shekarun baya, lokacin da soja suka koma bariki, ina 'yar shekara sha huɗu a Sabon Tasha, kuma duk layinmu an san ni da zafin kai. Ni kuwa a lokacin gani nake jarumta ce.

Famfo ɗaya ne a unguwar. Ƙa'idar kowa ya san ta: ka ajiye bokitinka a layi, ka tafi harkarka, ba mai taɓa shi. Ran nan na dawo na tarar nawa a can baya, 'yar maƙwabtanmu tana tsaye a gurbina. Ban tambayi ba'asi ba, na ɗaga bokitin, na ƙarfe ne, na kwaɗa mata a goshi. Sai da aka yi mata ɗinki shida.

Mahaifinta ya kai ƙara, maganar ta ƙare a kotun yara. An gaya mana ana iya kai ni gidan gyaran hali, makaranta kuma shi ke nan. Mahaifiyata daga taron zumuntar mata ta wuce kotun, da zanen zumuntar a jikinta. Mahaifiyar yarinyar ma irinsa ta ɗaura, tare suke waƙa a coci.

Da alƙali ya tambaye ni, na ce yarinyar ce ta fara marina. Na tsara ƙaryar har da hawaye. Sai ya juya ya tambayi mahaifiyata ko ta yarda da maganata.

Ta dube ni ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na haife ta. Ƙarya take yi."

Daga nan ta durƙusa, ba a gaban alƙali ba, a gaban yarinyar, sa'ar 'yarta, ta ce, "'Yata, ki yafe mana." Iyayen suka janye, alƙali ya ja mini kunne, ya sa mahaifiyata ta tsaya mini. Wata uku ina ɗebo wa gidansu ruwa.

Na yi fushi da mahaifiyata har ban ci tuwonta ba kwana biyu, wai ta tona mini asiri. Sai da na girma na gane ba dukan ne ya fi ba ni kunya ba, gwiwoyinta ne a kan simintin nan. Yarinyar yanzu malamar asibiti ce. Duk sanda muka haɗu ita ke fara gaishe ni, tana murmushi, ɗankwalinta a janye har kan gira. Ni na san abin da ke ƙarƙashinsa.