Sawun Yatsu a Katanga

A unguwar Herwagana, Malam Bernard yana zaune ƙofar gida yana kallon wata baƙuwa mai tabarau. Takalminta mai tsini yana nutsewa cikin yashin filasta. Ta tsuguna gaban tsohuwar katangarsa ta ƙasa, tana ɗaukar hoton sawun yatsun da magini ya bari a yaɓe, layi bisa layi. Ya ɗauka ma'aikaciyar rusau ce.

"'Yata, ba mu ci hanya ba fa."

"A'a, Baba. Hannun mahaifina ne, shi ya yaɓe muku. Ya rasu bai bar mana hoto ko ɗaya ba."

Ta ɗora tafinta kan sawun. Guntun nan kaɗai ya rage. Sauran, jiya Malam Bernard ya sa aka shafe da siminti.