Kiɗan da Na Kai Sifaniya

Baba bai taɓa koya mini kiɗan tashi a kan ganga ba. A cinyarsa ya koya mini, da tafin hannu, muna zaune a zaure, gangar tana rataye a ƙusa sama da kanmu. Sauran kiɗe-kiɗen gidanmu, na noma da na biki da na 'yan kokawa, duk a kan fata na koye su, har maƙwabta suna leƙowa suna roƙon in sassauta musu. Wannan kuwa sai a cinya. Da na tambaye shi dalili, ya ce, "Wanga kiɗi ba a aza shi ga hwata sai in mutuwa na tahe. Ka jiya?" Na ce na ji.

Garinmu ƙaramin gari ne tsakanin Zurmi da Gurbin Bore. Duk wanda ya ji kiɗan tashi ya san abin yi: ka ajiye abin da ke hannunka, ka ɗauki yaron da ya fi kusa da kai ko na wane ne, ka nufi fadamar bayan gari. A da don gobara ake buga shi, ko in ruwa ya yi ambaliya. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu ya koma na gargaɗin zuwansu. Sabis na waya ba ya zama a garinmu, sai ya leƙo ya koma, don haka gangar Baba ce abin da mutane suka dogara da shi. Shi kaɗai ke bugawa, kuma ba a taɓa jin ya buga a banza ba.

Ni kuma na tafi makaranta na karanci kiɗa, abin da ya zama abin tsokana a danginmu. Kawu, ƙanin Inna, mai shagon cajin waya a bakin 'yar kasuwarmu, kullum sai ya ce ɗan makaɗi ya tafi boko a koya masa abin da ya bari a gida. A shekarar ƙarshe aka zaɓe ni in je Sifaniya aikin sanin makamar aiki na wata uku, a wata ƙaramar makarantar kiɗa a kudancin ƙasar. Baba ya ba ni ƙaramar gangarsa da gular da ake buga ta. Kawu kuwa ya daina tsokana, ya koma gaya wa duk mai kawo caji cewa ɗansa yana Turai.

Aikina a can ba wani babba ba ne. Ina jera kujeru, ina taya masu koyo ƙidayar bugu, sau biyu a mako kuma a ba ni aji in koya musu kiɗan noma. Na je da tunanin zan burge su, sai na tarar ko tsofaffin matan garin in suka haɗa tafi sai in rasa inda zan sa ƙafa. Hakan ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Malamar da aka haɗa ni da ita mace ce mai faɗin abu kai tsaye. Ana shirin wasan ƙarshen zango ta saurare ni, ta karkata kai, ta ce, "Kiɗanka yana da daɗi, amma kamar kana jin kunyarsa. Ba ku da wanda yake tsayar da zuciyar mutum?"

Muna da shi mana. Na tuna maganar Baba, ba mantawa na yi ba. Cewa na yi a raina, tsakanina da fadamar garinmu akwai teku akwai hamada, wa zai ji? Na rataya ganga na buga. Ran nan na fara jin kiɗan daga hannuna a kan fata, kuma wallahi ƙafafuna sai da suka nemi gudu. Malamar ta ce wannan ne, da shi za a buɗe wasa. Na ji daɗi ƙwarai, kuma da shi aka buɗe.

Ranar Laraba ta turo mini bidiyon wasan. A cikin bas na kalla, na kashe sauti saboda mutane. Abin da na duba shi ne yadda sabuwar rigata ta zauna mini da yadda fitila ta haska fuskata. Ban saurari komai ba. Na tura wa Kawu, na rubuta, a nuna wa kowa.

Kawu yana samun sabis ne ranar Alhamis, in ya je kasuwar Shinkafi sayo kayan shago. Mu kuma a wurin aiki a akwati muke kulle waya sai an tashi. Da yamma na buɗe na tarar da saƙon muryarsa, hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Ɗana, abin da ka aiko ya shigo. Ban buɗe ba, caji ya kusa ƙarewa, kuma mota za ta tashi. Gobe in an sauko Juma'a ni aza shi ga babbar sifika, dud garin su ji ɗanmu na Turai."

Na yi murmushi, na buɗe bidiyon don in ji abin da za su ji. Babu gaisuwa a farkonsa, babu magana, babu tafin ɗalibai. Ganga ce kawai, ni kaɗai, kiɗan tashi tun daga bugun farko, kusan minti guda kafin wani sauti ya shigo. Na tsaya a bakin ƙofar makarantar. Sifikar Kawu na santa, ita ake haya ranar biki, ana jin ta har gonakin gabas.

Na kira shi, wayar ba ta shiga. Na sake kira har ban san sau nawa ba. Na goge bidiyon daga wajena, amma na san ba zai gogu a wayarsa ba sai ta ga sabis, ita kuwa sai wata Alhamis. Na kira yayata da ke aure a Ƙaura Namoda.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kai, mi ka yi haka? Innalillahi. To yanzu wa ka bin hanyar nan? La'asar ta wuce, ko mahaukaci ba shi tahiya. Bari sai da sahe in tashi maigidan."

Da safe mijinta ya je tasha. Motar Zurmi ba ta tashi sai ta cika, kuma direbobi sun ce sai sun ji labarin hanya daga wanda ya fito can. Ƙarfe goma bai samu ba. Sha ɗaya ya samu wani direba ya ba shi saƙon baki: in ka isa Zurmi ka nemi mai babur na garin su wane, ya gaya wa mai shagon caji kada ya kunna abin da ke wayarsa. Da yayata ta maimaita mini saƙon sai na ji yadda yake, magana mara kai, wa zai ɗauke ta da muhimmanci?

Ni kuma ina aji, ina ƙidaya wa mutum takwas bugu a kan akwatin katakon da suke zama a kai suna kaɗawa. Ɗaya, biyu, uku, in ɓata, in sake. Ranar na saka waya a aljihu, dokar akwati ta sha ruwa. Malamar ta ja ni waje ta tambayi abin da ke damuna. Na gaya mata da guntun Turancina da guntun nata. Ta ce, "Ai za su ga bidiyo ne." Na ce mutum goma ne za su gani, sauran garin ji za su yi. Matan da ke cikin gida ba sa ganin shagon Kawu. Ta ce to a kira 'yan sanda. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce ba ta san komai ba. Ba laifinta ba ne. Ita tambaya ta yi, ni na buga.

Wajen ƙarfe ɗaya na gida direban ya kira mijin yayata, ya ce ya isa Zurmi, ya ba da saƙo. Amma an yi ruwa da asuba, rafin hanyarmu ya kawo, masu babur suna jira ya janye.

Sifaniya tana gaban gida da awa ɗaya a wannan lokacin na shekara. Ana sauko Juma'a a garinmu ƙarfe biyu da 'yan mintuna. Na zauna a kan matakalar makarantar ina kallon agogon waya, uku saura, uku daidai, uku da kwata. Ina ganin komai a idona: an fito masallaci, masu ƙosai sun ɗora kasko, Kawu yana jona waya yana murmushi. Na yi addu'a batirinsa ya mutu, na yi addu'a janareta ya ƙi tashi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zama ba, kuma babu abin da zan iya yi sai zaman.

Sai ranar Lahadi na ji labari, da wata maƙwabciyarmu ta zo Ƙaura asibiti ta biya wajen yayata.

Janareta ya tashi lafiya lau. Kawu ya tara mutane, ya ƙure sauti, ya danna. Bugu uku aka yi kasuwa ta watse. Shi kansa Kawun, da wayar a gabansa, ya tsallake benci ya bi mutane, bai haɗa kiɗan da abin da ya danna ba sai da ya kai fadama. Kaskon mai ƙosai ya kife mata a ƙafa. Tsohuwar da ke bayan gidanmu, wadda ta yi wa Inna wankan jego da aka haife ni, ta faɗi a bakin ƙofa ƙugunta ya karye, ita ce aka kawo asibitin. Bidiyon ya ci gaba shi kaɗai har ƙarshe, Turawa suna ta tafi a kasuwar da babu kowa.

Baba yana zaure yana cire rigar Juma'a lokacin da ya ji kiɗansa, ga kuma gangarsa a rataye a ƙusa. Shi kaɗai a garin ya san ba shi ba ne. Ya fita yana ɗaga hannu yana cewa a tsaya, babu mai jin sa. Inna ta ce daga baya an tambaye shi ko ya san wanda ya buga, ya ce tun bugun farko ya gane hannun.

Na yi ta jiran saƙon faɗa daga gare shi. Bai aiko ba. Kawu ya aiko nasa har uku, yana zagina yana zagin kansa. Na gama sauran makonnin aikina kamar wanda aka ɗora wa kaya, ban sake taɓa ganga ba sai a aji.

Saura kwana goma in dawo yayata ta kira. Ta fara da cewa kowa lafiya, sai gabana ya faɗi. An hango baburan 'yan bindiga sun tsallako ta arewa da hantsi, Baba ya hau tudun bakin gari ya buga. Mutane suka fito, amma da yawa suka tsaya a ƙofar gida suna leƙen shagon Kawu, wasu suna tambaya, waya ce ko gaske? A ƙa'ida sau uku yake zagaya kiɗan ya sauka ya bi mutane. Ran nan ya tsaya a kan tudun, a fili, dattijo mai ciwon gwiwa, yana ta bugu har sai da na ƙarshe ya yarda ya gudu. Yana sauka ana jin ƙarar baburan. Sun kore shanun gefen gari suka wuce, ba a rasa rai ba. Yayata ta ce, "Da sun harbe shi bisa tudun nan, da mi za ka ce muna?" Kuka kawai nake yi.

Na dawo ta Ƙaura, na kwana biyu ina jiran mota, na isa gida da azahar. Na fara zuwa gaida tsohuwar, tana kwance, har yau ba ta tashi da ƙafarta ba. Ta shafa kaina ta ce in ce dai Turai lafiya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A wajen Inna na ji cewa Baba ya canza kiɗan. Bayan abin da ya faru ya je wajen mai gari da liman, aka yi shela, aka tara mutane bayan sallar Juma'a, ya buga sabon sau ɗaya kowa ya ji, ya ce tsohon ya mutu, ko an ji shi kada wanda ya motsa. Yara ma sun san sabon. Ni kaɗai ne a garin ban taɓa jin sa ba.

Na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa ƙaramar gangar da takardar shaidar gama aiki. Ya duba fatar gangar da yatsa, ya ce sanyin can ya sassauta ta, ya rataye. Takardar ya riƙe ta a juye, ya ce madalla. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Na matsa kusa da shi, inda nake zama ina yaro, na kalli cinyarsa.

Na ce, "Baba, sabon kiɗin fa? Ko ba don in buga ba. In an buga shi ina gari, ta yaya zan gane?"

Ya ja rigarsa ya rufe gwiwa. Ya ce, "In ka ga mutane na gudu, ka bi su."